Bayan Fitowa Daga Gidan Gyaran Hali: Tambayoyi Da Amsoshi Ga Iyalai Da Masu Sana'a A Katsina

Waɗannan tambayoyi ne da suke yawan fitowa daga bakin iyaye, da matan aure, da masu shaguna, da masu unguwanni a birnin Katsina da Daura da kewayensu, duk lokacin da wani ya gama wa'adinsa ya dawo gida. Amsoshin sun dogara ne a kan dokar ƙasa, da hukuncin Musulunci, da kuma abin da aka saba gani a cikin unguwa.

Shin duk wanda ya fito daga gidan yari mai laifi ne?

A'a, kuma daga nan ya kamata a fara, domin mafi yawan kuskuren da jama'a ke yi a nan yake. Kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke tsare a gidajen gyaran halin Najeriya masu jiran shari'a ne, wato kotu ba ta tabbatar musu da laifin komai ba. Sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ce duk wanda ake tuhuma ba shi da laifi har sai an tabbatar da shi. Akwai wanda zai yi shekara biyu ko uku ana ɗage zamansa, wata rana babu motar kai shi kotu, wata rana ana jiran shawarar ma'aikatar shari'a, daga ƙarshe a kori ƙarar, ko kuma Babban Jojin jiha ya sallame shi a lokacin da ya kai ziyarar rage cunkoso. Irin wannan mutumin idan ya dawo unguwa, sunan da ake kiransa da shi ɗaya ne da na wanda aka kama da kayan sata a hannu, alhali a gaban doka ba a taɓa samunsa da laifi ba. Kafin a yanke wa mutum hukunci a majalisa, ya dace a tambayi yadda shari'arsa ta ƙare.

Me ya sa aka daina cewa gidan yari, ake cewa gidan gyaran hali? Akwai abin da ya canza?

A shekarar 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar da ta mayar da hukumar gidajen yari zuwa Hukumar Gidajen Gyaran Hali ta Najeriya. Dokar ta raba aikin hukumar gida biyu: tsare mutane, da kuma hukuncin da ba na tsarewa ba, kamar aikin al'umma, da sakin mutum bisa sharaɗin sa ido, da sulhu tsakanin mai laifi da wanda ya cuta. Ta kuma tanadi takardar shaidar kyakkyawan hali ga wanda ya nuna ɗa'a a lokacin zamansa, tare da cewa kada a nuna wa mai wannan takarda bambanci saboda ɗaurin da ya yi. Kafin ita, dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ta buɗe wa alƙalai ƙofar yanke hukuncin sharar kasuwa ko asibiti a maimakon ɗauri a kan ƙananan laifuka, kuma jihar Katsina ta yi tata irin wannan dokar. A 2023 aka gyara tsarin mulki yadda jihohi ma za su iya gina nasu gidajen, abin da ya kasance hurumin gwamnatin tarayya tun bayan da aka karɓe gidajen yarin En'e a 1968.

A takarda canjin babba ne. A aikace kuwa, sabon allo a bakin ƙofa ba ya rage cunkoso, kuma gidajen da ke Katsina da Daura da Funtuwa da Malumfashi suna fama da irin matsalar sauran na ƙasar, ta ƙarancin kuɗi da kayan aiki. Saboda haka iyali su ɗauka cewa mafi girman aikin gyaran yana jiransu a gida.

An yanke masa shekara uku, sai ga shi a gari bayan shekara biyu. Cin hanci aka bayar?

Ba lalle ba ne. Ƙa'ida ce tun da daɗewa cewa ana yafe wa ɗaurarre kashi ɗaya cikin uku na wa'adinsa idan bai karya dokar gida ba, shi ya sa ake cewa shekarar fursuna wata takwas ce. Kotu kuma tana iya lissafa zaman da ya yi yana jiran shari'a. Akwai waɗanda aka ba su zaɓin tara, rashin kuɗi ya sa suka zauna, sai wani mai hali ya biya musu, musamman a watan azumi. A watan Nuwamba na 2023 Ministan Cikin Gida Olubunmi Tunji-Ojo ya ƙaddamar da sakin mutum 4,068 a faɗin ƙasa bayan an tara naira miliyan 585 domin biyan tararsu. Sannan akwai afuwa: sashe na 212 na Kundin Tsarin Mulki ya ba Gwamna ikon yafe laifin da ya saɓa wa dokar jiha bayan ya shawarci kwamitin da aka kafa don haka, sashe na 175 kuma ya ba Shugaban Ƙasa irin wannan iko a kan dokokin tarayya.

Ɗanmu zai fito watan gobe. Me ya kamata mu tanada?

Abu na farko shi ne a je a tarbe shi. Wanda aka buɗe wa ƙofa da safe, ya fito riƙe da leda mai ɗauke da tsohuwar rigar da aka kama shi da ita, ya duba dama da hagu bai ga kowa nasa ba, babu kuɗin Keke Napep a aljihunsa, babu waya, to mutumin da zai fara nema shi ne wanda ya san ba zai kore shi ba, kuma sau da yawa wannan shi ne abokin da suka shiga rigimar tare. Idan mahaifi ba zai iya zuwa ba saboda nauyin abin a zuciyarsa, a tura baffa ko kawu ko yaya.

Na biyu, a san inda zai kwana da abin da zai yi da safe tun kafin ya fito. Watannin farko su ne mafi haɗari, domin a cikinsu ne yake da lokaci mai yawa, da aljihu wayam, da kunyar haɗa ido da mutane. Wasu sukan kulle kansu a ɗaki, wasu barci ya ƙaurace musu, wasu su riƙa fushi a kan abin da bai kai ya kawo ba. A kai shi asibiti a duba shi, musamman idan yana tari ko ƙaiƙayin jiki, domin tarin fuka da cututtukan fata suna yaɗuwa inda mutane suka cunkushe, kuma gwajin tarin fuka da maganinsa kyauta ne a asibitocin gwamnati.

Na uku, dattijon gida ya ɗauke shi ya kai shi gaisuwa wurin mai unguwa da limamin masallacinsu. Wannan ziyara ta ɗan lokaci tana kashe surutu da yawa, saboda labarin dawowarsa ya fito daga bakin iyayensa ke nan, ba a teburin mai shayi aka fara jinsa ba. Wani lokaci ya fi alheri a tura shi wurin dangi a wani gari na ɗan lokaci, idan rigimar ta ƙauranci ce, wato daba, kuma abokan gabarsa suna nan suna jira.

Ana cewa hali zanen dutse. Me Musulunci ya ce game da karɓar wanda ya tuba?

Ƙofar tuba a buɗe take, kuma wannan ba abin jayayya ba ne tsakanin malamai. Aya ta 53 a cikin Suratuz Zumar ta hana waɗanda suka yi wa kansu ɓarna yanke ƙauna daga rahamar Allah. Ya zo a hadisi ingantacce cewa an kawo wani mutum da ya sha giya aka yi masa haddi, da ya juya sai wani ya yi masa addu'ar Allah ya kunyata shi, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana, ya ce kada su taimaki Shaiɗan a kansa. Abin lura shi ne hukuncin an zartar da shi, ba a sassauta ba, amma gori bayan hukunci shi aka hana. Wanda ya sa yara suna bin mutum da "ɓarawo" bayan ya gama wa'adinsa, ya duba inda ya faɗa a cikin wannan hadisi.

Sai dai malamai sun gindaya wa tuba sharuɗɗa: barin laifin, da nadama, da ƙudurin ba za a koma ba, sannan idan akwai haƙƙin wani a mayar masa ko a nemi yafiyarsa. Addinin da ya hana gori bai ce a miƙa wa mutum makullin sito a ranar da ya fito ba. Yafiya daban, amana daban, kuma ita amana da sannu take dawowa, gwargwadon abin da aka gani.

To wanda aka cuta fa? Shi ke nan ya haƙura ya riƙa ganin wanda ya zalunce shi a layi?

Wannan ita ce tambayar da masu wa'azin a rungumi tsofaffin fursunoni suka fi tsallakewa, kuma tsallake ta ne yake sa jama'a su toshe kunnuwansu. Zaman gidan yari haƙƙin hukuma ne, bai mayar wa mai babur babur ɗinsa ba, bai biya kuɗin ɗinkin wanda aka sara da wuƙa wajen ƙwacen waya ba. Kotu tana da ikon umartar a biya diyyar asara, amma ba kullum ake yi ba, kuma ko an yi ba kullum ake biya ba.

Abin da ya fi aiki a garuruwanmu shi ne zaman sulhu a zauren mai unguwa ko dagaci. Dangin mai laifi su zo da shi, ya zauna a ƙasa, ya faɗi abin da ya yi da bakinsa ba tare da kwana-kwana ba, ya ce wa mutumin, "Baba, na cuce ka, ka yafe mini don Allah." A lissafa asarar, a yanke abin da zai riƙa kawowa duk ranar Juma'a ko duk ƙarshen wata, a rubuta, liman da wani dattijo su sa hannu. Sau da yawa idan mai haƙƙi ya ga an biya kashi biyu ko uku a kan lokaci, shi da kansa yake cewa ya yafe sauran, kuma daga baya shi ne mai kare yaron idan aka taso da maganarsa. Amma kada a taru a kan wanda aka zalunta da "ka yi haƙuri" har ya ji kunyar neman haƙƙinsa. Yana da damar ya yafe, yana da damar ya ƙi, kuma a laifukan jini da na fyaɗe ba a kai masa mai laifin gida sai da yardarsa.

Ina da shagon ɗinki a kasuwa, an roƙe ni in ɗauki wani da ya fito. In karɓe shi?

Kana iya karɓarsa, kuma akwai lada a ciki, amma ka yi shi bisa tsari irin na 'yan kasuwa. Ka nemi wanda zai tsaya masa, babba daga danginsa wanda ka san gidansa, kamar yadda ake yi wa kowane yaron shago. Ka tambaye shi laifin da ya yi, kai da shi kawai, ka kwatanta amsarsa da abin da danginsa suka gaya maka, domin wanda ya faɗi gaskiya a kan abin kunyarsa ya ba ka alama mai kyau. Ka fara ba shi aikin da babu kuɗi a cikinsa, kamar guga da sa maɓalli da kai kaya wurin mai surfani. Idan ya yi wata biyu yana riga ka zuwa, ka aike shi sayo zare da ƙaramin kuɗi ka ga yadda canji zai dawo, daga nan sai shaddar mutane, daga nan sai makulli. Ka riƙa biyansa kullum da yamma maimakon ƙarshen wata, saboda wanda bai da ko sisi ba zai iya jiran kwana talatin ba.

Abu ɗaya da ke rusa wannan shiri shi ne ranar da wani abu ya ɓace a shago. Idan almakashi ya ɓata aka juya gaba ɗaya aka kalle shi, alhali akwai yara biyar a wurin, to an gaya masa cewa duk abin da ya yi a banza ne. A bincika kowa daidai wa daida. Idan kuwa an tabbatar shi ne, kana da cikakken haƙƙin sallamarsa, kuma wanda ya tsaya masa ya biya.

Sana'ar da ake cewa ana koya musu a ciki gaskiya ce?

Ana koyar da kafinta da ɗinki da walda da gyaran takalmi da haɗa sabulu a gidaje da dama, akwai kuma gidajen gona na hukumar. Wasu suna rubuta jarrabawar kammala sakandare daga ciki, kuma jami'ar karatu daga gida ta NOUN ta yafe wa ɗaurarru kuɗin makaranta, tana da cibiyoyi a cikin wasu gidajen. Sai dai masu jiran shari'a, waɗanda su ne mafi yawa, ba su cika samun wannan horo ba, kuma wanda ya koya ɗin yana fitowa ne babu keke babu injin walda. Gudunmawar da ta fi amfani ita ce kayan aiki a hannu, a ajiye su a shagon wani ubangida da zai sa ido, maimakon kuɗi a dunƙule. Ga wanda ya fito daga ƙauye, 'yar gona a wurin noman rani, irin na madatsun ruwan Ajiwa ko Zobe ko Sabke, ko tumaki biyu na kiwon Sallah, suna cika masa yini da aiki.

Zai iya yin zaɓe, ko tsayawa takara, ko aikin gwamnati?

Zaɓe kam yana da cikakken haƙƙi. Takara kuwa, tsarin mulki ya hana wanda aka yanke wa hukunci a kan laifin da ya shafi rashin gaskiya tsayawa har sai shekara 10 ta wuce, afuwa kuma tana ɗauke wannan shinge. Olusegun Obasanjo, wanda aka ɗaure a 1995, ya fito a 1998, aka yi masa afuwa, ya zama Shugaban Ƙasa a 1999, yayin da Shehu Musa 'Yar'aduwa da aka ɗaure su a kan tuhuma ɗaya ya rasu a gidan yarin Abakaliki a watan Disamba na 1997. Amma wannan ɗaurin siyasa ne, ba a auna talakan da ya saci akuya da shi. Aikin gwamnati da na ɗamara suna da wuya ga wanda kotu ta taɓa samu da laifi, domin ana tambaya a fom, kuma 'yan sanda suna ajiye hoton yatsu a babbar rajistarsu da ke Legas. Ƙarya a fom ta fi gaskiyar haɗari, tunda ita kaɗai ta isa a kori mutum ko bayan shekaru.

Ya zo neman auren 'yarmu. Mu ba shi?

Ɗauri bai haramta aure ba. Bincike haƙƙinku ne, kuma wanda aka tambaya game da mai neman aure wajibi ne ya faɗi gaskiyar abin da ya sani, wannan ba gulma ba ce. A duba irin laifin, da shekarun da suka wuce, da sana'arsa, da abokan zamansa na yanzu. Ita ma yarinyar a gaya mata, kada ta ji a bakin kishiyoyin gida bayan biki. Matar da aka ɗaure mijinta kuwa aurenta yana nan, sai dai idan ta cutu da rashin ciyarwa ko tsawon zama tana da damar kai kuka kotun shari'ar Musulunci, alƙali ya duba.

Matsalarsa shaye-shaye ce. Mu kai shi gidan mari?

Kada a kai shi inda za a sa masa sarƙa. A watan Oktoba na 2019 'yan sanda sun rufe irin waɗannan gidaje a Daura da cikin Katsina, makonni kaɗan bayan na Rigasa a Kaduna, aka fito da mutane da tabon duka da mari a ƙafa, da yawansu iyayensu ne suka kai su da kyakkyawar niyya har suna biyan kuɗi. Jarabar ƙwaya ciwo ce da ke buƙatar likita, kuma yanke ta farat ɗaya ga wanda ya daɗe a kan wasu ƙwayoyin yana iya jawo farfaɗiya. Gwamnati ta hana sarrafa maganin tari mai kodin da shigo da shi a 2018, amma tiramol da wiwi da sholisho ba su bar lungu ba. Hukumar hana sha da fataucin miyagun ƙwayoyi ta NDLEA tana da sashen ba da shawara da gyaran masu shaye-shaye, akwai kuma asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna da Kware ta jihar Sakkwato. Addu'a da karatu wurin malami suna tafiya tare da magani, ba su hana juna.

Duk wannan ya shafi tubabbun 'yan bindiga?

Bai kamata a haɗa su ba. Wanda ake magana a kansa a nan an kama shi, an gurfanar da shi, ya yi zaman da kotu ta yanke masa. Ɗan bindigar da ya fito daga daji bisa yarjejeniya bai tsaya gaban alƙali ba, kuma sau da yawa bai miƙa dukan makamansa ba. Gwamnatin Aminu Bello Masari ta yi sulhu da su har sau biyu, na biyun a 2019, daga baya gwamnan da kansa ya ce sun ci amana. Auwalun Daudawa, wanda ya jagoranci sace ɗaliban makarantar Ƙanƙara a watan Disamba na 2020, ya ajiye makamai a Zamfara a farkon 2021, ya koma daji bayan 'yan watanni, aka kashe shi a can. Mutanen Batsari da Jibiya da Safana da Faskari suna da hujjar yin ɗari-ɗari da kalmar tuba. Abin takaici shi ne wannan ɗaci yana shafar yaron da ya yi wata takwas a kan satar waya, wanda lamarinsa daban ne.

Yara da mata fa?

Doka ba ta yarda a haɗa ƙananan yara da manya ba. Akwai gidajen horon yara na jihohi, da cibiyoyin tarayya na matasa a Kaduna da Ilori da Abekuta. Yaron da ya fito, makaranta ce ta fi dacewa da shi, ko da za a canza masa wata. Mata ba su da yawa a cikin ɗaurarru, amma dawowarsu ta fi tsanani, domin sau da yawa kafin mace ta fito an sake ta, an raba ta da 'ya'yanta, gidan iyayenta ma ana jin nauyin karɓarta. Ƙaramin jari na sana'ar cikin gida da ɗaki a gidan dangi su ne farkon abin da take buƙata.

Akwai laifin da ya kamata a ci gaba da yin hattara da mai shi ko ya tuba?

Akwai. Wanda aka ɗaure a kan lalata da yara ba a ba shi koyarwa a Islamiyya ko gadin makaranta, ba a kuma barinsa da yara shi kaɗai, ko da shekaru sun wuce. Tun 2019 akwai rajistar ƙasa ta masu irin wannan laifi a hannun hukumar hana fataucin mutane ta NAPTIP. Yana iya noma ko kasuwanci ko gini, ya yi sallah cikin jama'a, a amsa gaisuwarsa.

Duk lokacin da aka yi sata a unguwa shi ake fara kamawa. Me za mu yi?

Tsohon laifi ba hujjar sabon kamu ba ne, kuma tsarin mulki ya hana a sake yi wa mutum shari'a a kan laifin da aka riga aka hukunta shi a kai. A adana takardar sallamarsa da kwafin hukuncin kotu a wuri mai kyau, a yi musu hoto a waya. Idan 'yan sanda ko 'yan sintiri sun tafi da shi, wani babba ya bi su nan take tare da ubangidansa na sana'a, wanda zai iya shaidar inda yake a lokacin da abin ya faru. Beli a ofishin 'yan sanda kyauta ne a doka, kuma ba a tsare mutum fiye da kwana ɗaya ba a kai shi kotu ba idan akwai kotu a kusa, ko kwana biyu idan tana da nisa, sai dai a manyan laifuka masu hukuncin kisa. Wanda ba shi da kuɗin lauya ya nemi ofishin hukumar ba da agajin lauyoyi kyauta ta tarayya, ko na Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, dukansu suna da ofis a cikin birnin Katsina.